Kaset uku da suka ƙi karantuwa: yadda wani ofishin zanen gine-gine ya ƙwato bayanansa na 2016

Asalin tsarin, 2013 zuwa 2022

Ofishin na masu zanen gine-gine ne a Kaduna, ma'aikatansa ba su kai talatin ba. A 2013 suka kafa saba, wato babbar kwamfutar ofis, mai aiki da manhajar Linux, wadda a kanta ake ajiye zane-zane, takardun da aka ɗauki hotonsu da kuma wasiƙun imel na ma'aikata. Tare da sabar aka sayi na'urar tef ta LTO-5, wato zubi na biyar na fasahar LTO ta adana bayanan kwamfuta a kaset, wanda ya fito a 2010, kaset ɗinsa guda yana ɗaukar terabait 1.5 kafin a matse bayanai.

Ma'aikacin kwamfuta na wancan lokacin ya rubuta ɗan shiri da ke kwafe komai zuwa tef da umarnin tar, mai ɗaure fayiloli da yawa su zama ɗaya. Kaset ɗin mako da na wata ana juya su, a sake rubutu a kansu. Na ƙarshen Disamba kaɗai ake warewa, a manna masa takarda, a jefa a kabad ɗin ƙarfe da ke ɗakin ajiyar kaya. Ɗakin ba shi da na'urar sanyaya iska, tagarsa kuma tana fuskantar yamma.

A 2019 faifan sabar ya cika, aka goge ayyukan da aka kammala kafin 2017, da hujjar cewa ai suna kan tef. A 2022 tsohuwar na'urar ta mutu, mutumin da ya rubuta shirin kuma ya riga ya bar aiki. Wanda ya gaje shi ya sayo LTO-8, ya rubuta sabon shiri, ajiya ta ci gaba kowane dare ba tare da ƙorafi ba. Daga ranar da aka sa sabuwar na'urar har Janairun 2024 babu wanda ya saka mata tsohon kaset ko guda.

Janairun 2024, ranar Litinin: na'ura ta tofo kaset

Wani gini da ofishin ya zana a 2016 ya tsage, magana ta kai ga lauyoyi. Abin da ake nema shi ne zanen harsashin ginin kamar yadda aka miƙa shi ga ɗan kwangila a 2016, da sakamakon gwajin ƙasa, da wasiƙun da aka yi musaya. An taɓa gyara wasu daga cikin zane-zanen a 2017 don wani aiki mai kama da shi, saboda haka kaset ɗin Disambar 2016 ne kaɗai ke ɗauke da su a siffarsu ta asali. Na 2017 da na 2018 suna da babban fayil ɗin aikin, amma bayan gyara.

Ma'aikacin ya saka kaset ɗin 2016 a na'urar LTO-8. Ta ja shi ciki, ta yi ɗan ƙara, ta ƙi ɗora shi. Na 2017 haka, na 2018 haka. Da ya ga ƙura a jikin kwalayen, kuma ga hunturu ana ciki, sai ya ɗauka kan na'urar, wato ɓangaren da ke karanta tef, shi ne ya yi datti. Ya saka kaset ɗin shara sau biyu a jere, bai canza komai ba. Ya kashe sabar ya kunna, ya sauya waya, ya gwada kaset ɗin daren jiya, wannan ya karantu lafiya lau. Da yamma ya shaida wa shugaban ofishin cewa tsofaffin kaset sun lalace.

Shugaban ya kira wani injiniya mai zaman kansa. Tambayarsa ta farko a waya ita ce lambar da ke jikin kaset da lambar da ke jikin na'ura. Da aka karanto masa ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a sake saka su. Wannan na'urar ko sabon kaset na LTO-5 aka ɓare mata daga leda ba za ta karanta shi ba."

Tsohuwar ƙa'idar LTO ita ce kowace na'ura tana karanta zubi biyu da suka gabace ta, tana rubutu a kan zubi ɗaya na baya. Haka abin yake har zuwa LTO-7, wadda ke karanta LTO-5 da LTO-6. Da LTO-8 ta fito a 2017, da sabon irin kan karatu, sai aka taƙaita: LTO-7 da LTO-8 kaɗai take karɓa. Dillalai da yawa har yanzu tsohuwar ƙa'idar suke maimaitawa, kuma ko da ita ma aka bi, tsakanin 5 da 8 zubi uku ne. Kowane kaset yana da ɗan ƙaramin guntun lantarki a cikin kwalinsa, wanda na'ura ke karantawa ba tare da ta taɓa tef ɗin ba. Daga nan ta gane irinsa ta ƙi shi. Sharar da aka yi sau biyu asara ce kawai, domin kaset ɗin shara amfani kusan 50 gare shi, na'urar kuma da kanta take kunna fitila idan tana buƙata.

Laraba: na'urar aro

An samo aron na'urar LTO-6 daga wani ofishi a Abuja. LTO-7 ta fi dacewa da aikin, tunda karanta LTO-5 kawai take iyawa, ba ta iya rubutu a kansa, amma LTO-6 ce aka samu. LTO-6 kuwa tana iya rubutu a kan LTO-5, don haka kafin a jona komai injiniyan ya ture jan makullin hana rubutu da ke jikin kowane kaset.

Ya kuma yi wani abu da ma'aikacin bai yi tunaninsa ba: ya dakatar da ajiyar dare daga jadawalin cron, manhajar da ke tayar da ayyuka da kanta a kan lokaci. Dalili shi ne Linux tana raba wa na'urorin tef suna bisa wadda ta fara gani yayin tashi, /dev/st0 sannan /dev/st1. Sabon shirin ajiyar yana rubutu kai tsaye a /dev/st0. Idan aka ɗauke wuta da dare, sabar ta sake tashi, na'urar aro ta riga ɗayar bayyana, to ita ce za ta zama st0, kuma da ƙarfe ɗayan dare shirin zai nufi duk kaset ɗin da ke cikinta. Makullin zai tare, amma bai ga dalilin jingina bayanan shekara guda a kan ɗan roba ɗaya ba. Ya duba sunayen dindindin da ke ƙarƙashin /dev/tape/by-id, waɗanda ke ɗauke da lambar jikin kowace na'ura, ya tabbatar wacce ce wacce.

Kaset ɗin ya bar su kwana guda a ɗakin sabar kafin ya taɓa su, domin masu ƙera su sun ce a bar kaset ya saba da yanayin ɗaki na sa'o'i 24 idan daga wuri mai bambancin zafi aka ɗauko shi. Ya kuma ce da na 2018 za a fara, wanda ya fi ƙarancin muhimmanci. Shugaban ya so a tafi kai tsaye ga na 2016. Injiniyan ya ce, "Alhaji, idan na'urar aron nan tana cin tef, gara mu gani a kan wanda za mu iya rasawa."

Alhamis da safe: saƙon da ya ɓatar da su

Na'urar ta karɓi kaset ɗin 2018. Umarnin mt status, mai faɗin halin da na'urar tef take ciki, ya nuna tef yana farkonsa, makullin hana rubutu yana aiki, lambar nau'in tef kuma 0x58, wadda ita ce ta LTO-5. Injiniyan ya fita amsa waya, ma'aikacin ya buga tar -tvf /dev/st1 don ganin jerin abin da ke ciki. Amsar da ta fito layi ɗaya ce: "Cannot read: Cannot allocate memory".

A zahirin lafazi saƙon yana cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta gaza. Ma'aikacin ya duba, fiye da rabinta babu kowa a kai. Ya rufe wasu ayyuka ya sake gwadawa, saƙo ɗaya. Har ya fara maganar ƙaro ƙwaƙwalwa.

Injiniyan ya dawo ya buga dmesg, umarnin da ke nuna rahoton da Linux ke ajiyewa a kan na'urorin da aka jona mata. Layin ƙarshe ya ce "Failed to read 262144 byte block with 10240 byte transfer". Tef ba kamar faifai ba ne, ƙunshi-ƙunshi ake rubuta bayanai a kansa, kuma mai karatu dole ya nemi ƙunshin gaba ɗayansa ko fiye. Idan ya nemi ƙasa da girmansa, Linux tana mayar da wancan saƙon na ƙwaƙwalwa. Ƙunshin da tar ke amfani da shi idan ba a gaya masa komai ba bait 10240 ne, wato 512 sau 20. Tsohon ma'aikacin ya rubuta nasa da bait 262144, wato 512 sau 512, wanda abu ne mai kyau ga LTO tunda ƙananan ƙunshi suna rage mata gudu. Sai dai bai rubuta hakan a jikin takardar kaset ba, shirin nasa kuma an goge shi a 2022.

Don tabbatarwa, injiniyan ya sa na'urar a yanayin karɓar kowane girma da mt setblk 0, sannan ya karanta ƙunshi ɗaya tak da dd, umarnin kwafe bayanai yadda suke, yana neman megabait guda. Abin da ya dawo bait 262144 ne daidai. Aka ƙara wa tar -b 512, ya buɗe.

Alhamis da yamma: kaset mai fayil ɗaya

Jerin da ya fito fayil guda ne na rubutu, megabait kaɗan. Fuskar shugaban ta canza. Ma'aikacin ya tuna cewa ana iya tsallakawa gaba, ya buga mt -f /dev/st1 fsf 1, ya sake tar, fayil ɗin nan dai ya sake fitowa. Ya tsallaka biyu, shi ne dai.

Kowace na'urar tef suna biyu gare ta a Linux. Mai sunan st tana mayar da tef farko duk lokacin da umarni ya gama. Mai sunan nst tana barinsa inda ya tsaya. Ma'aikacin yana tura tef gaba, umarnin yana ƙarewa, na'urar tana dawo da shi, tar ya sake karanta abu na farko. Da aka koma /dev/nst1 sai tsarin kaset ɗin ya bayyana: kashi uku, alamar ƙarshen fayil tana raba su. Na farko jerin sunayen fayiloli ne da girmansu da ranar da aka taɓa kowanne. Na biyu tar ne na zane-zane da takardu, ba a matse shi da manhaja ba, an bar wa na'ura ta matse da kanta. Na uku akwatunan imel ne, an matse su da manhajar gzip kafin a tura tef.

Injiniyan bai bari a fitar da fayiloli kai tsaye daga tef ba. Ya ce a kwafe kowane kashi sukutum zuwa faifai da dd, sannan a yi duk wani bincike a kan kwafin, domin kowane wucewa a kan kai yana ƙara wa tsohon tef gajiya. Gwajin farko an yi shi zuwa wani faifan USB da aka jona a tsohuwar kafa. Na'urar ta riƙa tsayawa, tana ja baya, tana sake tashi. Kaset ɗin LTO-5 yana zubo har megabait 140 a daƙiƙa, kuma ko da na'ura na iya sassauta gudu, akwai iyakar da ba ta sauka ƙasa da ita, faifan kuwa bai kai iyakar ba. Aka tsayar, aka share wuri a faifan cikin sabar, aka sa mbuffer a tsakani, manhajar da ke tara bayanai a ƙwaƙwalwa don kada tef ya riƙa tsayawa. Kaset ɗin 2018 ya kwafu ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Ranar Juma'a na 2017 ma haka.

Mako na biyu: kaset ɗin 2016

Kashi na farko ya fito lafiya. Na biyu ya yi ta tafiya har kusan gigabait 800, sai dd ya tsaya da "Input/output error". Wannan karon dmesg ya nuna "Medium Error" da "Unrecovered read error", wato na'urar ta yi duk gyaran da take iyawa ta kasa. Umarnin tapeinfo ya nuna gargaɗin gazawar karatu, kuma fitilar shara ta kunna da kanta. Aka yi shara sau ɗaya, aka sake gwadawa, ya tsaya a daidai wurin. Kuskuren da ke sauya wuri yakan nuna na'ura ko datti. Wanda ke tsayawa a lamba ɗaya yakan nuna tef ɗin kansa.

Wurin da matsalar ta fara ya yi daidai da yadda LTO ke shimfiɗa bayanai. Tef ɗin faɗinsa rabin inci ne, tsawon na LTO-5 mita 846. An raba faɗin gida huɗu, kuma na'ura tana fara cika gidaje biyu na tsakiya kafin ta koma na gefe, tana kai da komowa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sau 80 kafin kaset ya cika. Rabin terabait 1.5 gigabait 750 ne. Hotunan takardu ba sa matsuwa sosai, saboda haka kusan gigabait 800 yana nufin kai ya shiga gidan gefe ke nan. Injiniyan ya ɗauki wannan a matsayin alamar gefen tef ɗin ne ya sami rauni, irin wanda zafi ko faɗuwar kaset ke jawowa. Yanayin da masu ƙera tef suke so don ajiya mai tsawo shi ne digiri 16 zuwa 25 na ma'aunin Celsius, da danshi kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. Wannan kaset ya yi bazara bakwai a ɗaki mai tagar yamma. Bai buɗe kwalin ya duba ba, domin buɗewar ta fi raunin haɗari.

Abin da ya yi shi ne tsallake ramin, wato wurin da ya ƙi karantuwa, da lissafi. Umarnin mt tell yana faɗin lambar ƙunshin da tef yake kai, mt seek kuma yana kai shi lambar da aka ce. Ya rubuta lambar da karatu ya tsaya, ya riƙa matsawa gaba kaɗan-kaɗan har ya sami ƙunshin farko da ya karantu. Ramin ya fi ƙunshi ɗaya, saboda na'ura tana tara ƙunshi da dama a dunƙule ɗaya kafin ta rubuta, idan dunƙulen ya tafi duk sun tafi. Ya cike gurbin da sifili daidai yawan bait ɗin da suka ɓace, ya ɗora sauran a kai. Wannan cikon shi ne ya riƙe aikin. tar yana sanin inda fayil na gaba ya fara ne daga girman wanda ya gabata, don haka idan aka haɗa ɓangarorin ba tare da ciko ba, lissafinsa zai goce ya yanke fayiloli a inda ba nan ba ne iyakarsu. Da cikon, abin da ya lalace shi ne fayilolin da ramin ya faɗa a kansu kawai.

An sami irin wannan rami sau biyu a kashi na biyu, sau ɗaya a kashi na uku. An ɗauke wuta sau ɗaya ana tsakiyar aiki, batirin sabar ya riƙe har janareta ya tashi, lambobin da aka rubuta a takarda kuma sun sa ba a koma farko ba.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

An kwatanta abin da aka fitar da jerin da ke kashi na farko. Fayiloli 11 ne suka lalace a kashi na biyu, 4 daga ciki na aikin da ake shari'a a kai. Uku daga cikin huɗun suna kan kaset ɗin 2017 da girma ɗaya da ranar taɓawa ɗaya, alamar ba a gyara su ba, aka ɗauko su daga can. Na huɗun zanen magudanar ruwa ne da aka gyara a 2017, siffarsa ta asali ba ta dawo ba. Zanen harsashi da sakamakon gwajin ƙasa sun fito cikakku.

Imel ɗin ne ya ji jiki. gzip igiya ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, abin da ke gaba yana dogara da abin da ya wuce, saboda haka cikon sifili bai amfane shi ba. Abin da ya gabaci ramin ya buɗe, kimanin kashi biyu cikin uku. An gwada gzrecover, manhajar ceto lalataccen gzip, a kan sauran, ya fito da gutsattsarin wasiƙu waɗanda lauya ba zai iya kai wa kotu ba. Yawancin akwatunan an same su a kaset ɗin 2017, ban da na injiniyan da ya kula da ginin, wanda ya bar aiki a farkon 2017 aka goge akwatinsa. Hoton takardar amincewa mai sa hannun ɗan kwangila yana cikin kashi na biyu, da shi aka tafi.

Hukunci

Saƙon da ya isa teburin shugaban ranar Litinin shi ne kaset uku sun lalace. Biyu daga ciki ba abin da ya same su, na ukun kuma raunin da ke jikinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na abin da ke kansa ba. Matsaloli huɗu ne suka hau kan juna, kowacce tana rufe ta bayanta: zubin na'ura, girman ƙunshi, sunan na'ura mai komawa farko, sannan raunin tef. Ukun farko ba lalacewa ba ne, bayani ne da ya tafi tare da mutum ɗaya, kuma layi uku a takardar jikin kaset sun isa su ɗauke su.

Abubuwan da ba su yi aiki ba, wato shara, kashewa da kunnawa, neman ƙarin ƙwaƙwalwa, duk an yi su ne bisa saƙon da ke saman allo. Waɗanda suka yi aiki sun fito daga dmesg da mt status, inda na'urar ke faɗin abin da ta gani da lambobi. A ganina shawara mafi nauyi a duk aikin ita ce dakatar da cron da farawa da kaset ɗin 2018, domin duk tuntuɓen ranar Alhamis, har da tsaye-tsayen faifan USB, a kansa ya ƙare, na 2016 bai shiga na'urar aro ba sai da aka san girman ƙunshi da tsarin kashi uku.

Tsohon ma'aikacin ya yi abu biyu da suka ceci ofishin, jerin fayiloli a farkon tef da barin zane-zane ba matsi, ya kuma yi ɗaya da ya ci su, gzip a kan imel. Laifin da ya fi girma dai na 2022 ne, lokacin da aka sauya na'ura ba tare da an gwada tsohon kaset ko guda ba, shekara uku bayan an goge asalin fayilolin daga saba.

Kafin a mayar da na'urar aro an kwafe sauran kaset ɗin Disamba, daga 2013 zuwa 2021, zuwa LTO-8, kwafi biyu-biyu, ɗaya a ɗakin sabar ɗaya a wani gini daban, kowanne da girman ƙunshi da tsarin kashi a rubuce a jikinsa. Na 2014 ya nuna irin raunin na 2016, an rasa fayiloli kaɗan da babu wanda ya nema zuwa yanzu. An sa dokar fitar da fayil ɗaya daga tsohon kaset duk wata uku. Na'urar LTO-9, wadda ta fito a 2021, tana karanta LTO-8, LTO-10 kuwa nata kaset kaɗai take karɓa, don haka an rubuta a kundin ofishin cewa ranar da za a maye gurbin na'urar yanzu, LTO-9 ce iyakar abin da za a saya sai an gama kwashe waɗannan kaset ɗin.